Yaron da Ba Ya Ji: Ƙofofi Sun Yi Yawa, Wa Zai Ja Gaba?

[Kiɗan buɗe shiri]

  Muna gaida mutanen Rai Buba da Collire da Tuboro da Madingirin, da na Lagdo da Ngong, da ku na cikin birnin Garwa. Muna gaida manoman auduga, muna gaida masu kiwo a ruga, muna gaida iyayenmu mata da ke sauraronmu daga bakin murhu. Shirin namu na yau a kan ƙananan yara ne waɗanda ba sa ji, ko kuma jinsu ya yi rauni, da kuma wahalar da iyayensu ke sha wajen neman wanda zai taimake su.

A gidaje da yawa zancen yakan fara ne da wata 'yar damuwa ta uwa. Yaro ya shekara biyu, yana tafiya, yana ci, yana wasa, amma bai ce "inna" ba, bai ce "baba" ba. Uwa ta faɗa wa uwar miji, sai a ce mata, "Ke dai kin cika garaje, nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi." A bari ya shekara uku. A kai shi wurin malam a yi masa rubutu, a duba ko linzami ne a ƙarƙashin harshe. Ya shekara huɗu, sannan wani ya lura cewa in an kira shi ta baya ba ya waiwayowa. Duk tsawon wannan lokaci harshe ake ta dubawa, alhali matsalar tana kunne. Yawancin yaran da muke kira bebaye, bakinsu lafiya lau yake. Ba su ji magana ba ne, shi ya sa ba su koye ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar kan ji a shekarar 2021, ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji wanda ke buƙatar kulawa. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya kauce musu ne. Wannan adadi na biyu shi ya fi damuna, domin in ka jero abubuwan, sai ka ga duk 'yan gida ne a wurinmu.

Na farko sanƙarau. Arewacin Kamaru yana cikin yankin da wannan cuta ke yawo duk rani, daga Senegal har Habasha, musamman in iskar hunturu ta taso da ƙura har zuwa zafin bazara. Cikin mutum biyar da suka kamu da sanƙarau mai tsanani, ɗaya yakan tashi da wata naƙasa, kuma kurumta tana gaba-gaba. Da yawanku kun tuna allurar MenAfriVac da aka yi a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa a 2011. Ta karya lagon nau'in sanƙarau da ya fi addabarmu, amma akwai sauran nau'o'i, kuma yaran da aka haifa bayan wancan gangami ba su samu ba sai in an kai su rigakafi. Sai ƙyanda, sai hangum, sai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sai shawara mai tsanani a jariri, wadda idonsa da jikinsa ke yin ɗorawa a makon farko, mu kuma mu ce a bari a yi suna tukuna. Sai doguwar naƙuda wadda jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Sai wani ƙurji mai sauƙi da ke kama mai ciki a watannin farko, likitoci na ce masa rubela, ita ta warke ba ta ma lura ba, shi kuwa ɗan cikin ya fito da matsalar kunne ko ido ko zuciya. Tun 2015 aka haɗa allurarsa da ta ƙyanda a ƙasar nan.

Akwai biyu da nake so in ɗan tsaya a kansu. Ɗaya, kunne mai zubar da ruwa. Mun mai da shi kamar majina, abin da kowane yaro ke yi. A ɗiga man gyaɗa, a matsa ruwan ganye, a sa gashin kaza ko tsinken ashana a sosa. Shekara ta zagayo, fatar cikin kunne ta hude, jin yaro yana raguwa a hankali, malamin makaranta yana dukansa wai ba ya mai da hankali. Wannan ciwo yana da magani a asibitin garinku. Abin da ke kanku shi ne a riƙa tsane ruwan da tsumma mai tsabta, kada ruwan mayo, wato kogi, ya shiga in ana wanka, a kuma kai shi a rubuta masa maganin ɗigawa na gaskiya. Na biyu, allurar kasuwa. Akwai allurai irin su jentamisin da sitiraftomisin, magunguna ne masu ceton rai a hannun wanda ya san awonsu, amma in mai tebur ko mai yawo da jaka a kan babur ya zarce awo, suna kashe jijiyar ji, kuma in ta mutu ba ta dawowa. Don Allah kada a miƙa cinyar jariri ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba.

Sauran kuwa gado ne. Iyaye biyu masu ji garau suna iya haifar kurma, kuma hakan ya fi faruwa inda auren zumunci ya yi yawa a dangi. Fiye da tara cikin goma na yara kurame, iyayensu masu ji ne. Ina faɗar wannan ne saboda ku, iyayena mata, surukai. Ba laifin matar ɗanku ba ne. Ba ta tsallake komai ba, ba ta fita da magariba ta gamu da iska ba. In gado ne, yawanci daga ɓangarori biyu yake zuwa, har da naku.

[Kiɗa kaɗan]

To yaya uwa za ta gane? Jariri sabon haihuwa yakan zabura in an buga ƙofa da ƙarfi. A wata uku zuwa huɗu yakan yi shiru in ya ji muryar uwarsa ko da bai gan ta ba. A wata shida yana juyowa inda ƙara ta fito. Kafin ya shekara yana gwalan-gwalan, "ba-ba-ba", "da-da-da", yana kuma sanin sunansa. A shekara biyu yana haɗa kalma biyu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne jariri kurma shi ma yana kuka, yana dariya, yana ƙananan sautuka a watannin farko. Daga baya ne yake yin shiru, domin ba ya jin kansa. Kuma yaran nan akwai kaifin ido. Kin shigo ɗaki ya waiwayo, kin ce ai yana ji, alhali inuwarki ya gani, ko kuwa ya ji motsin ƙasa a jikinsa. In za ki gwada, ki sa wani ya ɗauke masa hankali ta gaba, ke ki tsaya a baya inda ba inuwa, ki buga cokali a kwano ta wannan gefe, sannan ta wancan. Wannan gwajin gida ne kawai, ba ya yanke hukunci. Amma in zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki yarda da ita. Kuma duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, ko yana ta surutu, a nemi a auna jinsa cikin makonnin farko bayan sallama, kada a jira.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne dalilin wannan shiri. Mu ƙaddara uwa ta gane, uba ya yarda. Ina za su nufa?

Su je ƙaramin asibitin ƙauye, ma'aikaci ya leƙa kunne da tocila, ya ga ba ruwa ba ƙurji, ya ce sai babban asibiti. Su zo asibitin gunduma a Rai Buba ko Collire, likita ya ce wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, wanda ake kira ORL, ga takarda, sai Garwa. Kowa ya san hanyar. A bi ta Collire a fita Gijiba a hau kwalta, a wuce Ngong, kuma in damina ta zauna wani lokacin babur ma sai an tura. Su isa Garwa ranar da ba ranar ganin likitan ba ce, ko na'urar awo tana jiran gyara, kuɗin abinci da na masauki ya ƙare, su juyo. In Allah ya sa an auna, a ba su wata takarda mai zane-zane da Faransanci, a ce su nemi na'urar ji, su kuma je ofishin jin daɗin jama'a. Can a ce ina takardar haihuwa? Babu. Sai kotu, a yi hukuncin da ke maye gurbinta. Shugaban makarantar gari ya ce shi ba shi da malamin da ya iya koyar da kurma. Malamin allo ya ce a bar shi ya zauna a baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya yi abin da ke gabansa, ba wanda za ka kama da laifi. Amma likita bai san ko an je ofishin ba, ofishin bai san me likita ya gani ba, makaranta ba ta san da ɗayansu ba. Wadda ke ɗauke da labarin duka a ka ita ce uwa, wadda sau da yawa ba ta yi lakkwal ba, ba ta jin Faransanci, kuma ba ita ke riƙe da kuɗi ba. A ƙofa ta uku ko ta huɗu ake gajiya, a ce haka Allah ya so. A nan muke asarar yaran, a tsakanin ƙofa da ƙofa.

Ƙarancin likitocin kunne gaskiya ne. Fiye da rabin ƙasashen Afirka ba su da sama da likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan guda, kuma 'yan kaɗan ɗin da muke da su a Kamaru sun fi taruwa a Yawunde da Duwala. Wannan ba mu za mu gyara shi daga ɗakin watsa shiri ba. Abin da ke hannunmu shi ne haɗa ƙofofin.

A ƙasashe irin su Amurka sun tsara abin da lissafi uku: a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Gwajin farkon ba wuya, 'yar na'ura ce ake sa wa a kunnen jariri yana barci, minti kaɗan an gama. Amma ko su da ke da na'ura a kowane ɗakin haihuwa sun tarar yara da yawa suna ɓacewa bayan gwajin farko, iyaye ba su dawo ba. Maganin da suka samo mai sauƙi ne. Kowane iyali a ba shi mutum ɗaya takamaimai, wanda aikinsa shi ne ya san inda aka tsaya, ya san mataki na gaba, ya bi sawu. Wannan ba ya buƙatar lantarki. Mu ma mun san irinsa. Manoman auduga da ke hulɗa da SODECOTON, kowace ƙungiya tana da mai riƙe da littafi, ya san wanda ya karɓi taki, ya san wanda ya biya, ya san ranar awo. Ba ya noma wa kowa gonarsa, amma in babu shi lissafi ya watse. Abin da muke yi wa buhun taki, mu yi wa yaro.

Wa zai zama wannan mutum? A ƙauyukanmu akwai ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ke bi gida-gida da damina suna raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi, aikin da aka fara a nan Arewa tun 2016. Sun san kowane gida, sun san kowane yaro da sunansa. Tambaya ɗaya za su ƙara a bakin ƙofa: "Yaron nan yana waiwayowa in an kira shi?" In ba su ba, malamin makaranta, ko ma'aikaciyar ɗakin awo, ko ƙanin uba da ya yi karatu, ko wata uwa da ta riga ta bi wannan hanya da nata ɗan. Sharaɗin kawai shi ne ya iya rubutu, yana da waya, iyaye sun amince da shi, kuma a faɗi sunansa a gaban kowa, don kada gobe a ce ai na ɗauka wane ne zai yi.

Aikinsa na farko, littafi. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, a haɗa shi da katin rigakafin yaro a leda ɗaya. A rubuta yadda aka haife shi, cututtukan da ya yi, alluran da aka yi masa, ranar da aka fara lura. Duk inda aka je, a roƙi ma'aikaci ya rubuta layi uku: me ya gani, me za a yi gaba, wa za a gani kuma yaushe. Ya sa lambar wayarsa. Takardar awon ji ta shiga ledar nan, a kuma ɗauki hotonta a waya, domin gara da ruwan sama ba su san darajar takarda ba.

Aikinsa na biyu, kada a hau mota sai an buga waya. A tambaya wace rana ake ganin masu ciwon kunne, ana awon ji a ranar ko sai wata rana, nawa ne, ana iya auna ɗan ƙaramin yaro ko sai wanda ya iya ɗaga hannu. In akwai gidaje biyu ko uku masu irin wannan yaro a yanki ɗaya, su tafi tare, bayan an sayar da auduga ko gyaɗa, kafin ruwa ya sauka. Tafiya ɗaya a yi asibiti, a yi ofishin jin daɗin jama'a, a leƙa makarantar kurame. Kuma malam maigida, da kai za a tafi. Ba a tura mace ita kaɗai da goyo ta je ta yanke shawarar da kai za ka biya kuɗinta.

[Kiɗa kaɗan]

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yara ƙanana da ba sa ji.

Akwai haƙƙi da doka ta ba su wanda da yawa ba su sani ba. Dokar 13 ga Afrilu 2010 kan kare naƙasassu a Kamaru, wadda aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2018, ta tanadi katin shaidar naƙasa na ƙasa, ta kuma tanadi sauƙaƙa ko yafe kuɗin makaranta da na jarrabawa a makarantun gwamnati ga yara naƙasassu. Ana bin katin ta ofishin jin daɗin jama'a, da takardar likita mai tabbatar da naƙasar. Amma komai yana rataye da takardar haihuwa. Ko yaro mai ji, in ba shi da ita ba zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba. Saboda haka mai jego, tun kina cikin kwanakin wanka a je ofishin magajin gari a rubuta jariri. Kuma ki tuna cekin lafiya na masu ciki, na sefa 6000, jaka shida ke nan, yana ɗauke da ke da jaririnki har kwana 42 bayan haihuwa. In kin ga idonsa ya yi ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, a cikin waɗannan kwanaki ne, kada ki tsaya lissafin kuɗi.

Game da na'urar ji, a yi hattara. Tana taimakon yaron da ke da sauran ji, in an auna shi an saita ta daidai da kunnensa. Tana cin batir, ƙura da gumi suna lalata ta, kuma abin da ake cusawa a kunnen sai an riƙa sake shi yayin da yaro ke girma. Wadda ake sayarwa a kasuwa ba awo tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Kafin a sayar da sa a saya, a tambaya ina za a samu batir, wa zai gyara. Akwai kuma aikin dashen na'ura a cikin kunne, na manyan asibitoci ne, kuɗinsa miliyoyi, kuma bayansa akwai shekaru na horon magana. Ba na hana kowa nema. Abin da nake tsoro shi ne a zauna jiran na'ura shekara uku, yaro yana zaune ba harshe ko ɗaya a kansa.

Domin ƙwaƙwalwar yaro tana da lokacinta. Shekaru uku na farko su ne na kama harshe, kowane iri, na baki ko na hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai shekara bakwai ba a taɓa ba shi sunan komai ba, bai san ana ce wa jiya jiya ba, bai san dalilin da ya sa aka dake shi ba, wannan ya yi rashin da ya fi rashin ji. Daga nan ne zafin zuciyar da ake cewa kurame na da shi ke fitowa. Kai ma in ka shekara biyar kana nuna abin da kake so ba wanda ya gane, za ka yi jifa da kwano.

Saboda haka maganar hannu a fara ta yau, kafin Garwa, kafin kati, kafin komai. Wasu iyaye na gudun ta, wai in ya saba da hannu ba zai yi magana ba. Masu bincike sun duba wannan, ba haka ba ne. Yaron da ke da harshen hannu ya fi saurin kama karatu, da maganar baki ma in yana da sauran ji. Ki taɓa kafaɗarsa, ki durƙusa daidai idonsa, inda haske ke kan fuskarki. Ki nuna ruwa, ki yi alamar ruwa, ki faɗi "ruwa", sannan ki ba shi. Gobe haka, jibi haka. Kowa a gidan ya yi alama iri ɗaya, kowa kuma a ba shi alamar sunansa. Yayye da ƙanne su suka fi saurin koya, ku sa su a gaba. Kuma in ana hira a tsakar gida ana dariya, wani ya juya ya nuna masa abin da ake wa dariya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Kano kurame suna da cikakken harshensu, maganar hannu, wanda suka gada tun kafin zuwan makarantar boko, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta rubuta littafi a kansa a shekarar 2000. A can ne makarantar kurame ta Tudun Maliki take, tun 1977. A Marwa ma kurame suna da nasu salon na gargajiya. Malaman fiƙihu kuwa tun da daɗewa suka zartar cewa ishara da ake ganewa tana tsayawa a matsayin magana, a ciniki, a aure, a saki. To in shari'a ta karɓi hannunsa, liman da malamin allo su ma su karɓa. Alwala da salla da ido ake koyonsu. A sa shi a sahu kusa da ubansa.

Maganar makaranta. Mutumin da ya fi kowa shuka makarantun kurame a Afirka shi kansa kurma ne, kuma sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Sunansa Andrew Foster, baƙar fata daga Amurka. Ya fara a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan, ya zo Kumba a nan Kamaru, ya shiga Cadi, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30. A Yawunde akwai makarantar kurame ta ESEDA tun 1972. Kusa da mu akwai cibiyar CRESAS a Garwa, akwai kuma gidauniyar Betlehem a Muda, kan hanyar Marwa, inda ake koyar da yara kurame. Gwamnati kuma ta ware wasu makarantun firamare don haɗa naƙasassu da sauran yara a aji ɗaya, sai a tambayi sufeton makarantu na yankinku wacce ce mafi kusa. Na san abin da ke ran wasu iyaye, da yawa daga cikin waɗannan wurare na mishan ne, kuma ga nisa. Ku je da ƙafarku ku gani, ku yi tambaya kan salla da abinci da wurin kwana, ku nemi ɗan'uwa a Garwa da zai riƙa leƙawa. Wannan ya fi a yanke hukunci daga gida.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Alamun da ake koyarwa a makarantun nan sun samo asali ne daga na Faransa ko na Amurka, sun bambanta da waɗanda kuka ƙirƙira a gida. Yaro zai dawo hutu da sabon harshe cike da hannunsa, ya tarar ba mai gane shi a gidan ubansa. Daga nan sai ya fi son makaranta da gida. Maganinsa, duk hutu ku zauna ya koya muku, alama biyar a rana. Ba abin kunya ba ne uba ya zama ɗalibin ɗansa. Shi kuma yaro mai sauran ji da ke makarantar gari, roƙo kaɗan ne ga malam: a zaunar da shi a benci na gaba, kada a yi bayani ana fuskantar allo, a rubuta abin da aka faɗa.

Sai tsaro, kuma a nan zan yi magana ba kwana-kwana. Yaron da ba ya ji ba ya jin odar babur, ba ya jin ihun "ga shanu nan", ba ya jin kira in ya nufi zurfi a mayo. 'Yan acaba su san gidan da yake. Yarinya kurma kuwa, mugaye suna zaɓarta ne da gangan, don sun san ba za ta iya faɗin suna ba. Ki koya mata alamar "a'a", alamar "ciwo", alamar sassan jikinta, da alamar kowane namiji da ke shiga gidan. Kuma kada a tura yaro kurma bara. Hannun da ke iya magana yana iya ɗinki, yana iya walda, yana iya kiwo, yana iya riƙe alƙalami.

Kira na gaba ga masu sarauta ne. Tun zamanin Buba Njidda, a farkon ƙarni na 19, ƙasar Rai Buba take da tsarin da saƙo ke fita daga fada ya isa ƙauye mafi nisa ta hannun dogarai da jaurori da arɗaɓe. Da wannan tsari ake tara yara ranar rigakafi. In Baba, wato Lamidon Rai Buba, ya ce kowane jauro ya kawo sunayen yaran da ba sa ji a ƙauyensa, a miƙa wa shugaban gundumar lafiya da ofishin jin daɗin jama'a, cikin wata guda za a san yawansu. In an san yawansu, ana iya roƙon likita da na'urarsa su zo Rai Buba ko Collire rana ɗaya da rani, maimakon gidaje ashirin su bi hanyar Gijiba ɗai-ɗai. Ga ranaku ma a ajiye: 3 ga Maris ranar ji ta duniya, 23 ga Satumba ranar harsunan hannu. Su kuma likita da ma'aikacin jin daɗin jama'a da sufeton makarantu, ko sau ɗaya a wata uku, su zauna a ɗaki ɗaya da takardar sunayen nan, su bi suna bayan suna: wane, ina aka tsaya?

Kada kuma a manta da manyan kurame na gari. Kusan kowace kasuwa akwai su, tela ko mai wanki ko manomi, da aurensa da 'ya'yansa. Su suka fi kowa sanin wannan rayuwa, amma ba a taɓa gayyatarsu in ana shawara. Ku kai musu yaron, ya ga babba irinsa, uwa ma ta ga cewa ɗanta zai girma ya riƙe gida.

Lokaci ya yi halinsa. Abu ɗaya ya rage. Waɗanda muka yi wannan shiri dominsu ba su ji ko kalma ɗaya daga cikinsa ba, rediyo ba ta isa gare su. Kai da ka ji, ke da kika ji, ku ne za ku kai. In akwai gidan da kuka sani mai yaro ɗan shekara biyu da bai fara magana ba, ku je yau da yamma ku yi sallama, ku zauna da uwar da uban, ku tambaye su wa ke riƙe musu da littafi. In babu kowa, ku karɓa.

 

[Kiɗan rufe shiri]